Kunyar Ɗan Fari a Ƙasar Damara

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tare ni, a wurin gaisuwar mutuwa ma a matso a yi ƙasa da murya a ce, "Inna Hauwa, wai da gaske a saman mota kuka riƙa kwana?" Ya Falmata maƙwabciyata har tuwo ta bari ya kama saboda zancen giwa. Ni kuma ba mai ƙarfin murya ba ce, in na ɗauko labari daga tushe sai wata ta ja ni tsakiya. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi a jere, tunda Allah ya sa mun shiga ajin yaƙi da jahilci ba mu fito hannu rabbana ba. Wadda ta ga kuskure ta gyara a zuciyarta.

Sai dai in fara da abin da ya fitar da ni daga Haɗejiya, don ba yawon buɗe ido na tafi ba.

Kun san babban ɗana, baban Ummi, wanda yake aikin haƙar rijiyar burtsatse a ƙasar Namibiya. Kun kuma san ɗan fari ne, ga shi sunan surukina ya ci. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Ni kuwa ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci yana kallo ba. Haka na tarar uwata tana yi da yayanmu, haka na yi. A can ya auri 'yar ƙabilar Damara, malamar makaranta, sunanta Selma, ni dai Salma bakina ya iya. Maigidana marigayi Malam ya sa albarka kafin ya rasu, ni ma na sa. In ya bugo waya nakan ce lafiya lau, in miƙa wa Rabi autata su yi hira, ina gefe ina tsintar shinkafa, kunnena yana wurinsu.

Rabi ce ta zaunar da ni wata rana. Ta ce, "Inna, aikin Yaya ya kusa ƙarewa, yana so ya dawo gida. Amma Anti Salma ta ce ba za ta kawo 'yarta gidan da ba a ƙaunar ubanta ba."

Na ce, "Wa ya ce mata ba a ƙaunarsa?"

"Ke mana. Ta ce uwar da ba ta iya tsayawa a waya da ɗanta fushi take yi, kuma a kan aurenta ne. Ya yi mata bayanin kunya har ya gaji, ta ce rufa miki asiri yake yi."

"To in ta ƙi zuwa fa?"

"Ko ya zauna can har abada, ko su rabu."

Shinkafar nan ban ƙarasa tsince ta ba. Na ce a gaya masa ya zo ya ɗauke ni.

Ya kuwa zo, ƙarshen damina muka tashi, kogi ya cika ya batse, mutanen Auyo suna shiga gonakin shinkafa da kwale-kwale. Na haɗa kuka da daddawa da yaji, da bandar tarwaɗa mai kyau wadda na sa aka zaɓo mini, ga atamfa, ga turaren wuta da Ya Falmata ta haɗa da hannunta. Muka bi ta Gujungu da Ringim muka shiga Kano, daga nan sai jirgi.

A jirgin nan na fara gane abin da na ɗauko wa kaina. Kujerarsa tana manne da tawa. Tun da aka yaye shi ban taɓa zama kusa da shi haka ba. Da aka kawo abinci na ce na ƙoshi, alhali cikina yana ƙugi. Ya tashi ya tafi can bayan jirgi ya tsaya kamar mai miƙe ƙafa, ya daɗe. Na cinye tas na goge baki. Da ya dawo ya ɗauke kwanon ya miƙa wa ma'aikaciya, ko kallona bai yi ba. Na ce a raina, Allah ya jiƙan kakarsa, ta yi tarbiyya.

Mun sauya jirgi a ƙasar Habasha, muka sauka a babban birnin Namibiya da rana tsaka. Takardu ba su ba mu wahala ba, sun duba fasfo da katin allurar shawara sun buga hatimi. A wurin kaya ne wani kare ya zo ya zauna a gaban jakata kamar an aiko shi. Wata ma'aikaciya ta buɗe, ta ɗago tarwaɗa ɗaya ta wutsiya. Ashe doka ta hana shiga da kifi da nama. Ina ji ina gani aka kwashe. Da ta kwance ƙullin daddawa sai ta ja da baya ta toshe hanci, ta tambaya ko wani abu ne ya mutu. Baban Ummi ya yi ta bayani da Turanci, a ƙarshe ta ɗaure mini kayana da sauri ta yi mana nuni mu wuce. Warin daddawa ya ƙwaci kansa, kifi mai ƙamshi ya tafi.

Salma tana jiranmu a waje, doguwa, baƙa kamar mu, in ta yi shiru sai ki rantse 'yar Kirikasamma ce. Ta taho da sauri ta rungume ni a gaban jama'a, na tsaya ƙiƙam kamar turmi, don ban san inda ake sa hannu ba. Ta ce, "Sannu da zuwa, Inna. Ina gajiya?" Hausarta kaɗan ce, a bakin mijinta ta tsinta, amma tana fita. Sai ga Ummi takwarata, 'yar shekara huɗu, tana leƙe ta bayan uwarta. Daɗi ya kama ni, na yi mata wasan kaka da jika kamar yadda kowaccenku za ta yi. Na ce, "Wannan mummunar ce ta ci mini suna? Ku mayar da ita, ba na so."

Ashe a cikin 'yar Hausar Salma akwai mummuna, akwai ba na so. Na ga fuskarta ta sauya. Mijinta ya yi maza yana bayani, ta yi murmushin da bai wuce haƙori ba. Na zo gyara, na fara da ɓaro.

Bayan na huta, Salma ta ce an yi hutun makaranta, za mu je in ga kakarta wadda ta rene ta, can arewa maso yamma, ƙasar Damara. Hanya ce mai nisa, kuma a can mutane ba sa jiran motar haya. Iyali sukan ɗauki babbar mota mai shiga rairayi, su loda jarkokin ruwa da ƙaramin firji da tukunyar gas, su tuƙa kansu, inda yamma ta yi musu su kafa tanti. Na ce a garinmu wanda ya kwana a daji ko Bafillace ne ko mota ce ta lalace masa. A can kuwa masu hali ne suke barin gado su je su kwana a ƙasa, wai hutawa.

Matuƙin motarsu a dama yake, kuma hannun hagu suke bi. Duk motar da ta taho sai in ga kamar kanmu za ta hau, in yi salati. Ummi ta ɗauka waƙa ce, ta riƙa maimaitawa, kafin mu bar kwalta ta haddace. Da muka hau burji sai duniya ta buɗe. Daga Haɗejiya zuwa Kano ba inda za ki tsaya ba a miƙo miki rake ko awara ta taga ba. A can sai ki yi tafiyar wuni ba ki ga mai cewa sannu ba, sai duwatsu da busasshiyar ciyawa. Dabbobi ne mutanen hanya. Barewa tana tsalle da ƙafa huɗu kamar an taka mata wuta, jimina ta yi tsere da mota, ga mariri mai ƙaho kamar takobi. Raƙumin dawa ya tsaya ya kalle mu daga sama, irin kallon da malamarmu Hajiya Babba take yi wa wadda ta makara aji.

Masauki na farko, fili ne a gindin wani jan dutse, an share, an gina murhu da makewayi. Baban Ummi ya hau saman mota ya buɗe wani abu kamar akwati, sai ga ɗaki da katifa da tsani. Nan ne namu mu mata, shi kuma ya kafa ƙaramin tanti a ƙasa. Na dubi tsanin nan na dubi zanina. Na taka na farko lafiya, na biyu zani ya ce bai san zancen ba. Na maƙale a tsakiya, ba sama ba ƙasa. Salma ta sa kafaɗa ta tura ni kamar buhun shinkafa, na faɗa ciki da ka, ɗankwali ya yi nasa wuri. Muka haɗa ido, dariya ta ƙwace mana mu biyu. Na ce to, Alhamdu lillahi, an fara.

Amma abin da dariya ta ɗinka, kunya ta yi ta farkewa. A can maza ne masu gasa nama, kowane masauki za ki ga magidanta tsaye a bakin wuta, matansu suna zaune. In baban Ummi ya gama gashi ya jera a tebur, shi da Salma su zauna fuska da fuska, ni kuwa in ɗauki kwanona in zaga bayan mota. Da asuba na fuskanci gabas na tayar da salla kamar yadda na saba. Da na idar na ji yana cewa, "Ummi, je ki gaya wa Inna alƙibla a nan ta fi karkata arewa." Ni kuma na ce, "Ummi, ce masa na ji." Tsakanina da shi bai fi tsawon tabarma ba. Salma tana riƙe da butar shayi tana kallonmu, ta dube shi, ta dube ni, ta ajiye butar da ɗan ƙarfi.

Ruwa ma ya ba ni kunya. Ni 'yar bakin kogi, na ɗauki buta guda na wanke kofi ɗaya. Sai Salma ta tara kwanukan duka ta wanke su da ruwan da bai cika moɗa ba, ta juye sauran a gindin wani ɗan itace. Daga ranar na koma taimama in ruwa ya yi ƙasa. Taimamar da muka koya a Islamiyya muna dariya, muna cewa a Haɗejiya yaushe za a rasa ruwa.

Kun fi tambayata zanen dutse, to ga shi. Wuri ne da jajayen duwatsu suka hau kan juna kamar an zubo su daga sama. Ba a shiga sai da ɗan jagora, tamu mace ce, 'yar Damara, mai fara'a. Ba a taɓawa, ba a takawa. A jikin dutsen an sassaƙa raƙumin dawa da jimina da sawun dabbobi iri-iri, da wani zaki mai doguwar wutsiya wadda ta lanƙwashe, a ƙarshenta akwai abu kamar tafin hannu. Akwai wasu zagaye da ɗigo a tsakiya, ta ce ana jin alamar wuraren ruwa ne. Ta ce maharban da ne suka yi, shekaru dubbai. Na sa Salma ta tambaye ta ko sun bar sunayensu. Ta ce babu ko ɗaya. Abin da ya dame su kawai suka sa a dutse, ruwa da nama, suka tafi. Na daɗe a tsaye a gaban raƙumin dawan nan. Wanda ya yi shi ba ya nan, harshensa ma ba a sani ba, amma ga ni na zo daga wata duniya na gane abin da yake so. Baban Ummi ya gaya wa Ummi wai a Birnin Kudu ma akwai zanen dutse. A jiharmu, kusa da gida, sai da na ƙetare ƙasashe na ji.

Daga nan hanya ta shiga kogi. Kogi suke ce masa, har da allo mai suna, amma ko ɗigon ruwa babu, rairayi ne fari shimfiɗe. Sukan yi shekara bai kawo ruwa ba. Ina cikin mamaki sai na ga itatuwan da suka yi layi a gaɓa, na ce a tsaya. Gawo ne. Gawonmu na gona, da 'ya'yansa murɗaɗɗu a zube a ƙasa, irin wanda muke tsinto wa awaki. Na ji kamar na haɗu da 'yar unguwarmu a Makka. Salma ta ce a nan ba awaki kaɗai ke cin su ba, giwaye ma saboda su suke bin kogin.

Ba mu yi nisa ba mota ta kafe. Baban Ummi ya ba ta wuta, taya ta ƙara nutsewa. Ya fita ya sassauta iskar tayoyi, ya ce bari ya ɗebo faffaɗan duwatsu a sa a ƙarƙashi. Ya tafi can gaɓa, ya sunkuya yana zaɓe, ya ba mu baya. Ni ina gefen da yake, gilashina a sauke. Salma tana kusa da ni tana ba Ummi ruwa.

Ni na fara ganinsu. Wallahi ba su da ƙara ko kaɗan. Na ɗauka inuwar gawo ce take motsi, sai na ga kunne, sai na ga haure. Uwa ce a gaba, wasu suna biye, da ɗan ƙarami a tsakiya, sun doso daidai inda yake.

Na buɗe baki. Sunan ya taso tun daga cikina ya zo maƙogwaro ya tsaya. Shekara arba'in harshena bai san hanyarsa ba. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ke, gaya masa." Na cafke hannun Salma.

Ta ɗago ta gani. Ba ta yi ihu ba, don ihu yana tunzura su. Ta kira shi da murya ƙasa-ƙasa, sau biyu. Ya waiwaya, ya ajiye dutsen a hankali, ya ja da baya ya laɓe a jikin wani ƙaton gawo. Giwayen nan suka ratsa tsakaninmu da shi. Uwar ta tsaya a gindin itacen da yake, tana tsintar 'ya'yan gawo da hancinta ɗaya bayan ɗaya tana kai wa baki, kamar mai cin gyaɗa a zaure. Ba addu'ar da ban karanta ba. Har ta ƙoshi ta kaɗa kunne ta bi 'yan uwanta.

Ya dawo yana dariyar da ba ta da ƙarfi, rigarsa sharkaf. Salma ta fita ta riƙe shi. Ni na sunkuyar da kai ina gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Da ta dawo mota ta dube ni, idonta ya yi ja, ta ce a hankali, "Inna, giwa ma ba ta sa kin kira shi ba."

Wani dattijo mai keken jaki ya zo ya taimaka aka fitar da mota. Har muka isa garinsu Salma ba ta sake yi mini magana ba. Na ce a raina shi ke nan, na zo da ƙafata na ƙarasa abin da ya rage.

Garin nasu 'yan gidaje ne a warwatse, na kwano da na laka, ga garken awaki, ga famfon burtsatse an kewaye shi da katangar dutse mai kauri saboda giwaye suna fasa shi in sun ji ƙishi. Kakar Salma, Uma suke ce mata, tsohuwa ce 'yar ƙarama cikin doguwar riga mai faɗi da aka haɗa da ƙyalle kala-kala. Harshensu akwai ƙyasta harshe a ciki, kalma ba ta fita sai da ɗan ƙas ko ƙwal. Da farko na ɗauka tsaki ake yi mini, ashe maraba ce. Na gwada gaisuwar, yaran gidan suka faɗi ƙasa don dariya. An kawo tuwon masara da nono mai tsami, na ci har na manta a baƙunta nake. An ce babban baƙo akan yanka masa jaki, amma Salma ta riga ta aika cewa mu ba ma ci, sai aka kama bunsuru aka ce baban Ummi ya yanka da hannunsa yadda addininmu ya ce. Wannan kara ta tsaya mini a rai. Yarinyar da take fushi da ni ita ta tsara haka tun kafin mu taso.

Washegari da hantsi maza suna can bayan gida wurin fiɗa. Mu muna zaune a inuwa, ni da Uma a tabarma, Salma tana zuba shayi, Ummi tana gefe tana zana baƙaƙe a ƙasa da tsinke. Salma ta miƙa wa kakarta kofi, sai tsohuwa ta riƙe hannun ta juya shi. A wuyan hannun akwai shaida, tabo huɗu a jere da ɗaya a ƙasa, sun yi baƙi, wani ma farce ya shiga. Ta tambaya. Salma ta ba ta labari da harshensu, na ga ta yi nuni da ni ba tare da ta kalle ni ba.

Tsohuwar nan ta jawo hannuna ta ɗora a kan tabon. Kowane yatsa ya zauna a gurbinsa. Ni kaina ban san na yi haka ba. Ta yi magana gajeriya, ta saki hannuwanmu, ta ɗauki shayinta.

Salma ta dubi hannunta. Can ta ce, "Uma ta ce bakinki bai kira ba, amma hannunki ya yi ihu."

Na ce, "Ki yafe ni, na ji miki ciwo."

Ta ce, "Ba ciwo. Amma Inna, don me? Ɗanki ne."

Na so in gaya mata ɗan fari ba na uwarsa ba ne ita kaɗai, na dangi ne. Na so in ce a wurinmu abin da ya fi girma a zuciya shi ake rufewa, kamar yadda ake rufe tukunyar da ta fi daɗi. Na fara, na ga Hausar ta yi mata yawa, kuma mai yi mana tafinta shi ne wanda ba zan iya faɗa a gabansa ba. Sai na karɓi tsinken da ke hannun Ummi. Na share ƙasa da tafin hannu, na rubuta sunan, baƙi bayan baƙi.

Salma malama ce, ta karanta tun kafin in ƙarasa.

Na yi mata bayani da ƙananan kalmomi. Na ce lokacin da na shiga ajin manya, shi yana makarantar kwana. Malamarmu ta ce kowacce ta fara da sunanta. Ni kuwa ba sunana ya kai ni ajin ba. Na riƙa tambayar baƙaƙen nan ɗaya-ɗaya, yau wannan, jibi wancan, don kada malama ta gane inda na dosa. Ranar da suka cika na koma gida na rufe ɗaki, na ɗauki gawayi na rubuta a bango, bayan ƙofa, inda in an buɗe ba mai gani. Na ce mata, "Shi na fara rubutawa a duniya. Kafin nawa."

Ta ce, "Yana nan?"

Na ce, "Yana nan. In ya dushe in sake bi."

"Ya sani?"

"Ba wanda ya sani. Ko Malam bai sani ba har ya rasu. Sai ke."

Ta sa hannu ta rufe baki, hawaye yana zuba, tana kuma dariya. Uma tana kurɓar shayi kamar ba da ita aka yi ba. Sai ga takun baban Ummi, ya taho da gasasshiyar hanta a faranti. Na zabura zan goge da ƙafa, ƙafar ta yi nauyi. Kafin in motsa Salma ta jawo gefen tabarma ta rufe rubutun ta zauna a kai.

Ya tsaya yana kallonmu. Ya ce, "Me ake ɓoyewa?"

Ta ce da Hausa, "Ba ruwanka, baban Ummi. Zancen mata ne. Ajiye ka tafi, Inna za ta ci."

Tun da na zo, da sunansa take kiransa gatsau a gabana. Ranar ce ta fara cewa baban Ummi. Ya dube ta, ya saci kallona, ya ajiye farantin ya juya. Ina jin dariyarsa har ya sha kwana.

A hanyar dawowa ba ta bar ni na huta ba. Wai da gaske ruwa yana shiga gona har a hau kwale-kwale? Sauro fa? Akwai makarantar da za ta koyar? In ta ga surukai maza yaya za ta durƙusa? In na ɗauki kwanona zan zaga bayan mota, sai ta ɗauki nata ta biyo ni, mu bar shi da Ummi a tebur. Na yi mata miyar kuka a kan gas a tsakiyar daji, ta ce daddawa wari a hanci, daɗi a baki. Na kunna mata turaren Ya Falmata a cikin tanti, sai da muka fito muna tari. Ranar da zan taho, a filin jirgi, ta sake rungume ni, wannan karon na san inda ake sa hannu. Ta raɗa mini a kunne, "Zan zo in ga bayan ƙofar nan. Ni kaɗai zan gani." Ummi kuwa ta ce mini, "Sai wata rana, mummuna." Uwarta ce ta koya mata.

Sun sa rana, bayan babbar Salla in Allah ya kai mu. To ga roƙona gare ku. In ta zo kada a taru a kanta kamar an ga giwa. Wadda za ta yi wa Ummi wasan kaka ta yi, yanzu an gane. Ya Falmata, ki tanadi turare. Wadda mijinta yake kamun kifi ta ajiye mini tarwaɗa mai kyau, akwai wadda kare ya hana ta ci.

Rabi ta kawo mai fenti makon jiya, wai a gyara gida kafin baƙi su zo. Na ce a shafe ko'ina, tsakar gida da zaure da ɗakina, amma bayan ƙofa a bar mini shi yadda yake. Ta ce, "Inna, me ke bayan ƙofa?" Na ce datti ne na saba da shi.

Yanzu ga shi na faɗa muku, Rabi ma za ta ji. Amma wadda take karantawa tana jira ta ga sunan a takardar nan, ta yi haƙuri. Yana inda yake, kuma mai ganinsa tana hanya.